Kamayar da Ƙwan Yayarsa

Kamayar suke ce masa a wurin aiki, tun daga Manaja har mai goge tebura, kuma shi ya jawo wa kansa. Shekara da shekaru yana zaune a kujera ɗaya kusa da taga, baya ya ɗan ranƙwafa, tabarau a ƙarshen hanci, yana karanta abin da wasu suka rubuta. Duk rubutun da ya bi ta hannunsa sai an tarar da tambayar nan tasa a gefe: ka mayar? Ko gaisuwa ba ya sa mata a gaba. Tun abin yana ɓata wa mutane rai har ya koma abin dariya, daga nan ya zame masa suna.

Kamfanin nasu ƙarami ne, ɗakuna uku a saman wani shagon tayoyi. Injinan ƙyanƙyasar ƙwai suke haɗawa. A rumfar da ke bayan shagon ake ƙera akwatin da farantan jera ƙwai, a sama kuma ake rubuta manhajar da ke zaune cikin wata 'yar na'ura da ba ta kai tafin hannu ba. Ita ke kula da zafi, ita ke kula da laima, ita ke juya ƙwai a kan lokaci. Aikin Kamayar bita ne. Duk wanda ya rubuta wani sashe na manhajar sai ya kawo masa ya karanta layi-layi. In ya sa hannu a wuce, in bai sa ba mutum ya koma yana gunaguni.

'Yar na'urar nan ƙwaƙwalwarta kaɗan ce. Duk sanda manhaja za ta yi wani aiki, sai ta ari gurbi a cikin ƙwaƙwalwar ta ajiye abin da take lissafawa, in ta gama ta mayar don wani aikin ya samu. Idan mai rubutu ya manta bai sa a mayar ba, gurbin ya tafi ke nan, ba mai amfani da shi, ba kuma mai iya ɗauka. Yoyo suke kiran wannan, kuma sharrinsa shi ne ba ya ihu. Na'ura za ta yi ta aikinta lafiya lau yau da gobe, ƙwaƙwalwa tana ƙarewa a ɓoye, sai ranar da ta nemi gurbi ta rasa, ta tsaya cak. Yoyon nan shi Kamayar ke farauta. Yakan ɗora yatsan hagu a kan layin da aka yi aro, ya bi da na dama har inda aka mayar, kuma na hagun ba ya ɗagawa sai na daman ya sauka. Gilashin kwamfutarsa duk tabon yatsu ne, mai goge tebura ya gaji ya sallama.

Wanda ya san yayarsa ba zai yi mamakin halinsa ba, don ita ta raine shi. Uwarsu ta rasu yana rarrafe, uban kuwa direban babbar mota ne, ya fi kwana a hanya. Yarinyar da ba ta gama makaranta ba ta wayi gari ita ce uwa. Ɗinki ta koya, da shi ta riƙe gidan, kuma gida ne da rabin kayan aikinsa na maƙwabta ne: dutsen guga, tsani, babbar tukunya, wani lokacin har almakashi. Yaya ta san in suka riƙe wa mutane kaya sau ɗaya, gobe ba za a ba su ba, su kuwa ba su da inda za su. Saboda haka kullum da yamma, kafin ya ko wanke ƙafa, tana tare shi a bakin ƙofa.

"Auta, dutsen gugar nan, ka mayar?"

"Na mayar, Yaya."

"A hannun wa?"

Da wannan tambayar a kunne ya yi makaranta, da kuɗin ɗinki ya ƙare ta, ya fito mutum mai yawan fargaba. Shi ne wanda in za su fita unguwa sai ya sauka daga mota ya koma ya sake taɓa famfo. Shi ne ya taɓa bin wani mutum har tsallaken titi da biro a hannu, mutumin yana ƙara sauri don ya ɗauka ɗan damfara ne. Matarsa, wadda Allah ya hore wa baki, takan ce ita tsoronta ɗaya, ranar da zai tuna daga gidansu aka kawo ta ya ce zai mayar. Yakan yi murmushi, amma gyambon cikinsa na gaske ne, kuma akwai ƙwayoyin maganinsa a kowane aljihu. Abu ɗaya yake taƙama da shi a duniya, ko da yake bai taɓa faɗa da baki ba: tun da ya fara sa hannu, ba a taɓa dawo da inji an ce ya tsaya saboda yoyo ba.

Ana haka aka ɗauki wata sabuwar mai rubuta manhaja. Walƙiya suka sa mata, don kafin mutum ya gama bayanin abin da yake so ta rubuta rabi. Ƙwararriya ce, ba ta da raini, amma ba ta da haƙurin ganin ana wahalar banza. Ta yi sati tana kallon yatsun Kamayar a kan gilashi, sannan ta jawo kujera ta zauna kusa da shi.

"Malam, don Allah in nuna maka wani abu, kada ka ji haushi."

"Ina ji."

"Ka ga wannan alamar? In an ari gurbi aka manna masa ita, shi ke nan. Da zarar aiki ya fita daga sashen, ko ta wace ƙofa ya bi, na'ura da kanta za ta mayar. Kamar ka ɗauki mai shara ne ka tsayar da shi a bakin ƙofa. Kana fita yana sharewa."

"In ya manta fa?"

Ta yi dariya. "Shi ba ya mantuwa, Malam. Mu ne ke yi."

Bai yarda nan take ba, ai ba halinsa ba ne. Ya yi ta gwada abin ta gaba ta baya, ya haƙa masa rami iri-iri ko zai faɗa, bai faɗa ba. Gaskiya dai ɗaya ce, dabarar tana da kyau. Kurakuran da ya saba kamawa goma-goma suka ɓace. Rubutu ya gajarce, bita ta yi sauƙi, Manaja ya fara gaishe shi da fara'a. A karon farko cikin shekaru Kamayar ya riƙa cin abincin rana yana jin ɗanɗanonsa. Matarsa ta ce ko dai an canza mata miji ne a hanya. Sannu a hankali idonsa ya koyi sabuwar ɗabi'a: ya ga aro, ya ga alama a jikinsa, ya wuce. Yatsan hagu ya yi ritaya ba tare da an yi masa ko walima ba.

A daidai lokacin ne idon Yaya ya fara gazawa. Da farko zare ne ya ƙi shiga allura sai ta fita tsakar gida. Daga baya ta ɗinka wa wata mata riga da hannu ɗaya a juye, matar ta zo ta yi mata tijara a gaban mutane. Ranar Yaya ta rufe keken ɗinkinta da zane, ba ta sake buɗewa ba. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta mata biyu kowace tana gari mai nisa. Kamayar ya je ya same ta, ya ce ga ɗaki nan a gidansa, ta tattara ta dawo. Ta dube shi sama da ƙasa.

"In zo in zauna ina jiran a zuba min? Auta, ni ce fa."

Ya yi lallashi, ya turo matarsa ta yi, Yaya ta ƙeƙasa ƙasa. Abin da take so daban ne. Ta daɗe tana jin labarin injinan da ƙanenta ke dubawa, ta kuma lura matan unguwa suna wahalar neman 'yan tsaki masu kyau. Ta sayar da keken ɗinkin, keken da ya ciyar da su ya kuma kai shi makaranta, ta ce a kawo mata inji. Ta gindaya sharaɗi da kanta: in ta iya, ya bar ta a gidanta, kada ya sake ɗaga maganar. In ta kasa, za ta bi shi ba gardama.

Kamayar ya rasa yadda zai yi da son da yake mata, sai ya zuba shi a kaya. Ya zaɓo mata injin da ya fi kowanne sabunta, mai ɗauke da sabuwar manhajar da shi kansa ya sa wa hannu. Sannan ya tuna halin wuta, yadda take zuwa ta tafi ba sallama, ya ce ƙwan Yaya ba za su sha sanyi ko na ƙiftawar ido ba. Ya sa aka ɗora mata farantan hasken rana a kan rufi, aka jera manyan batura a lungu, aka haɗa su yadda ko an ɗauke wuta injin ba zai ma sani ba. A ɗakin da keken yake aka ajiye shi, a kan tabon ƙafafunsa.

Sai dai ya san yayarsa. Duk abin da ya yi mata gardama, rediyo ne, fanka ce, waya ce, maganinta ɗaya: ta kashe, ta ɗan buga masa tafin hannu, ta kunna. Saboda haka ranar da aka jera ƙwan, farantai duka cike, ƙwan kaji 'yan asali da aka kawo daga wata gona mai nisa, ya tsaya a gaban makunnin kamar mai gadi.

"Yaya, wannan ba rediyonki ba ne."

"Na ji."

"Ba ki ji ba. Kin ga wannan lambar mai haske? Ita ce zafin ciki. Muddin tana nuna haka, komai lafiya, ba ta ƙarya. Kada ki kashe shi. Ko me kika gani, ko me kika ji, kada hannunki ya taɓa nan har su fito. Ki yi min alkawari."

"Yau ni ake wa doka a gidana."

"Alkawari, Yaya."

"Na yi. Ai kai ka san abinka."

Kuma ta yarda har zuciyarta. Duk wadda ta leƙo ganin injin sai ta ji cewa Auta ne ya duba shi da idonsa, layi-layi, shi kuwa Auta abu ba ya wuce shi. Mata suka fara kama layi tun ƙwai bai fashe ba, wannan tana son goma, waccan ashirin.

Ƙwan kaza sati uku yake yi. An shiga na ukun, wata safiya Kamayar yana shan shayi a teburinsa, sai ya ga Walƙiya ta nufo shi a hankali. Bai taɓa ganin ta yi tafiya a hankali ba, nan take ya ajiye kofin.

"Malam, zo ka ga wani abu."

Ta buɗe masa sashen da suke kira babban zagaye. Nan ne zuciyar injin: ya auna zafi, ya rubuta, ya kunna abin ɗumama ko ya kashe, ya koma farko, haka har abada. Ta nuna masa layin da aka raɗa wa gurbi suna aka manna masa alamar mai shara, can sama, kafin a shiga zagayen. Sannan ta gangaro da yatsa cikin zagayen, inda ake yin aron kansa. Duk kewaye ɗaya sai a ari sabon gurbi a ɗora masa wancan sunan, tsohon kuma a sake shi a wofi. Mai shara yana nan a bakin ƙofa, bai yi barci ba, bai manta ba, jira yake a fita. Shi kuwa wannan sashen ba a fita daga cikinsa sai an kashe inji.

Kamayar ya matso ya duba. Sa hannunsa yana ƙasan shafin, ya ma tuna ranar. Ya ga aro, ya ga alama, ya wuce.

Aka kira Manaja. Ya shigo yana goge baki, ya saurari bayani da ido a waje, ya tambayi tsawon lokacin da ƙwaƙwalwar za ta ɗauka kafin ta cika.

"Yoyon ƙarami ne, ranka ya daɗe," in ji Walƙiya. "Sai inji ya yi sati biyu da ɗoriya a kunne, ba a kashe shi ko sau ɗaya ba. In an kashe an kunna, ƙwaƙwalwa ta koma sabuwa."

Manaja ya fashe da dariya har da dafa bango. "Sati biyu! Wane inji ne ya taɓa yin kwana biyu ba a ɗauke masa wuta ba? Kafin a tayar da janareto ai ya mutu ya farfaɗo. Namu na gwaji ma kullum da yamma mai gadi ke sauke babban makunni. Ashe wutar da muke zagi ita ce mai shararmu! Ku gyara kawai, a sa a na gaba."

Ɗakin ya ɗauki dariya, irin ta mutanen da mota ta goga ta wuce. Kamayar kaɗai bai yi ba. Inji ɗaya ne a duk cikin waɗanda suka sayar wanda wuta ba ta taɓa yanke masa ba, kuma da kuɗinsa da hannunsa ya tabbatar da haka.

Ya ciro waya ya kira Yaya. Ta yi ta ƙara har ta katse. Ya sake, ya sake. Zufa ta keto masa, ya laluba aljihu ya jefa ƙwayar magani a baki ba ruwa. Walƙiya ta ga fuskarsa, ta tuna labarin baturan da ya ba su yana murna, ta dafe baki.

"Malam, injin Yaya. Wayyo, laifina ne, ni na rubuta."

"Ke rubutawa kika yi. Mai rubutu yana kuskure, shi ya sa aka ajiye ni." Ya ɗauki hularsa. "In ta cika, me zai faru? Faɗa min daidai."

"Zai nemi gurbi ya rasa, ya tsaya yana jira. Abin ɗumamar zai mutu, ai kai ka sa aka yi haka don kada ƙwai ya dahu. Fanka za ta ci gaba da juyawa." Ta dube shi. "Lambar kuma za ta tsaya a kan ta ƙarshe da ya auna."

Wato a kan lambar da ya ce wa Yaya ba ta ƙarya.

Bai tsaya neman motarsa a cikin tayoyin da aka jibge a bayanta ba, ya tare mai babur. Gidan Yaya yana can ƙarshen gari, kuma ranar kamar kowa ya fito da abin hawansa don ya tare masa hanya. Wata babbar mota ta mutu a kan gada, aka yi cirko-cirko. Yana zaune a bayan babur, hayaƙi yana shiga masa hanci, yana lissafi yana rushewa. Wataƙila ƙwaƙwalwar ba ta cika ba tukuna. Wataƙila sai gobe. Wataƙila Yaya ta karya alkawari, ta kashe ta buga masa tafin hannu ta kunna kamar yadda take wa rediyo. Bai taɓa roƙon Allah ya sa wani ya ƙi jin maganarsa ba sai ranar. Amma ya san ta. Matar da ta koya masa mayar da dutsen guga ba za ta ci alkawari ba.

Ya tarar da ƙofar a buɗe, wayarta tana kan kujerar falo. Ya yi sallama bai jira amsa ba ya faɗa ɗakin. Da farko bai ga injin ba, tulin tsumma ya gani: barguna biyu, zannuwanta na fita, labulen ƙofa, har da tsohon zanen da take rufe keke da shi. An bar 'yar kafa daidai gilashi da wurin shan iska. Yaya tana zaune a kan 'yar kujera, tafin hannunta a kan gilashin, idanunta sun yi ja. Lambar tana haske, kyakkyawa, daidai yadda ya nuna mata.

"Auta? Lafiya da rana tsaka?"

"Tun yaushe, Yaya?"

Ba ta tambaye shi me yake nufi ba. "Tun jiya da yamma. Akwai wani ɗan ƙas da yake yi lokaci-lokaci, na saba da shi. Sai na ji shiru. Na taɓa gilashin na ji kamar ba ɗumi." Ta dubi hannunta. "Amma lamba tana nan daidai. Sai na ce ko hannun ne ya tsufa, kamar yadda idon ya yi."

"Me ya sa ba ki kira ni ba?"

"In ce maka me? Lamba ta ce lafiya, tsohuwa ta ce a'a? Ka ce ai dama na faɗa, tattara mu tafi?" Ta gyara bakin bargon. "Hannuna ya kai kan makunnin nan har sau biyu, wallahi. Sai in tuna na yi maka alkawari. Shi ne na lulluɓe shi, na ce in ma sanyin gaske ne, ko bargo ya taimaka, tunda bargo dai ba ka hana ba."

Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ya durƙusa a gaban injin, ya kai hannu kan makunnin da ya yi wa gadi, ya kashe. Fanka ta yi shiru. Ya kunna. Aka ji ƙas. Lambar ta ɗauke, ta dawo, ta faɗi ƙasa warwas, ta nuna sanyin da ke ciki tun jiya. Yaya ta matso da fuskarta dab da ita, ta daɗe tana kallo.

"Ashe hannuna lafiyarsa lau," ta ce a hankali.

Yana durƙushe ya faɗa mata komai, ba ragi. Ya ce akwai abin da aka ara ba a mayar ba a cikin injin, ya bi ta gabansa, ya gani da idonsa ya sa hannu. Ya ce da bai sa mata batura ba, da wuta ta gyara abin da kanta. Da bai sa ta alkawari ba, da ita ta gyara tun jiya. Ta saurare shi har ya gama. Abin da ta tambaya ɗaya ne, ko na cikin ƙwan suna da rai. Ya ce bai sani ba. A rayuwarsa ta aiki bai taɓa jin nauyin kalmomin nan kamar ranar ba.

Ya ɗauki hutu ya tare a falonta. Matarsa tana kawo musu abinci, kuma a karon farko ta zo ta tafi ba ta yi masa ba'a ko ɗaya ba, abin da ya ƙara tayar masa da hankali. Walƙiya ta aiko da gyaran manhaja, ya karanta shi da yatsu biyu a kan gilashi, sau uku, amma ya ƙi sa wa injin sai an gama. Kullum da hantsi dai sai ya kashe ya kunna, Yaya tana tsaye tana kallonsa.

Ranar da ya kamata ƙwai ya fara fashewa ta zo ta wuce, shiru. Matan unguwa suna leƙowa da kwalayensu, Yaya tana cewa su ƙara haƙuri, sanyi ne ya ja musu lokaci. Da ta shiga ciki sai ya ga tana ninke kayanta tana jerawa a akwati, a nitse. Sharaɗin da ta gindaya take shirin cikawa. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallonta. Ɗakin da ya yi ta roƙonta ta zo ta zauna a ciki, yanzu ba abin da yake tsoro kamar ya gan ta a cikinsa.

Washegari da la'asar, suna zaune a falo, Yaya ta ɗaga hannu. Shi bai ji komai ba. Can sai ga shi, siriri kamar ƙarar ƙofa daga nesa: tsiyau. Suka yi karo da juna a bakin ɗakin. Wani ƙwai a tsakiyar farantin sama ya tsage, ɗan baki yana leƙowa. Kamayar, mai furfura a gemu, ya zauna daɓas a ƙasa ya rufe fuska da hula.

'Yan tsakin ba su kai rabin ƙwan ba. Na tsakiya, inda ɗumi ya daɗe, su suka fito. Na gefe-gefe da farantin ƙasa gaba ɗaya sun tafi. Da aka tabbatar, Yaya ta ɗauko babban baho ta riƙa kwashe matattun ɗaya bayan ɗaya, tana ɗan auna kowanne a tafin hannu kafin ta ajiye, don suna da nauyi, 'yan tsaki ne cikakku a ciki. Shi ya ɗauki bahon ya kai bayan gida ya haƙa rami. Matan da suka kama layi aka ba kowace abin da ya samu, wasu suka karɓa da godiya, wasu suka tafi suna magana ƙasa-ƙasa. Ba a sake jin Yaya ta ce abu ba ya wuce Auta ba.

Ya koma aiki, yatsan hagu ya dawo daga ritaya. Bai ce a daina amfani da mai shara ba, don ba shi ya yi laifi ba. Sai dai yanzu in ya ga alamar yakan tsaya ya nemi ƙofar da ake fita, in bai gan ta ba ya mayar da rubutun. Gyambon ya dawo shi ma, da ƙarfinsa.

Yaya ba ta koma gidansa ba. Ta ce waɗanda suka fito sun isa shaida cewa ta iya, wanda ya kasa daban ne, shi kuwa bai yi musu ba. Ta fitar da kayanta daga akwati. Da ta samu ƙwai na biyu, faranti ɗaya ne kawai ya cika, abin da ƙarfinta ya kai ke nan, kuma ta hana shi ya cika mata sauran. Ya zo ranar jerawa, ya sa wa injin gyararriyar manhaja, ya tsaya yana kallonta tana ɗora kowane ƙwai da tsininsa a ƙasa. Ta rufe, aka ji ƙas, lamba ta fara hawa.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Yanzu in na sake jin sanyi a jikinsa, lamba kuma ta ce lafiya, in kashe, ko in jira ka?"

Ba gatse take masa ba, tambaya take da gaske, kuma ya san duk abin da ya faɗa shi za ta yi. Ya gyara manhajar, ya karanta ta sau uku, zai iya rantsuwa ba sauran yoyo. Bakinsa ya buɗe zai faɗi haka, sai ya tuna wancan karon ma zai iya rantsuwa.

"Ki kashe, Yaya," ya ce. "Kada ki jira ni."

Ta gyaɗa kai. Ta jawo 'yar kujerarta ta zauna, ta ɗora tafin hannu a kan gilashin, ba ta ko dubi lambar ba.